Tokar da Sali Ya Zuba

Ranar da abin ya fara, Mairamu tana tsugune gaban murhu tana tuƙa tuwon masara. Rana ta yi ja, shanun maƙwabta suna shigowa Wuro Patuji daga kiwo, kaji sun fara hawa makwancinsu. Maigidanta ya bi motar shanu zuwa kudu, gidan daga ita sai 'ya'yanta biyu: Sali, ɗan farinta, wanda ya zo hutu daga makarantar kwana ta maza, da ƙanwarsa Huda, 'yar shekara goma sha biyu.

Shi Sali, Allah ya yi masa ƙafa. In ya zuba a guje, sai dai ka ga bayansa. A tseren makarantarsu na bana babu wanda ya ko matso kusa da shi, har aka zaɓe shi ya je Yola bayan hutu, inda ake cewa wanda ya yi nasara gwamnati za ta ɗauki nauyin karatunsa. Kuma shi ne ladanin masallacin makaranta. Mairamu ba ta yabonsa, ko sunansa ba ta kira, kunyar ɗan fari. Amma kofin da ya ciyo yana cikin kwabarta tsakanin kwanukan aurenta, kullum safe sai ta goge shi da bakin zane.

Ladanin unguwa yana ɗaga murya, sai dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki, ƙwaram! Wani ya biyo baya. Mairamu ta ɗauka yara ne masu jifar mangwaro, ta ce, "Kai, leƙa ka kore mini 'yan banzan nan." Sali ya zaga bayan katanga, bai ga ko akuya ba. Da ya dawo ya sunkuya ya ɗauki dutsen da ya gangaro tsakar gida, nan take ya yar yana yarfe hannu. Dutsen da zafi, kuma ya yi fari fat da toka.

Tun daga ranar, magariba ta daina zama magariba a gidan. Da an yi kira sai jifa, ba ta tsayawa sai an idar da isha'i. A buɗe tukunyar miya, toka. A buɗe randa, toka tana yawo a kan ruwa. Daga bayan madafa kuma ana jin kukan yaro ƙarami, siriri, irin na wanda ya yi kuka har ya gaji. Mairamu ta yi turare, ta karanta duk abin da ta haddace. Maƙwabciyarta Tina ta shigo ta durƙusa ta yi tata addu'ar, tana cikin yi dutse ya fasa bokitin da ke gefenta. Allah sarki, matar ta fita tana ba Mairamu haƙuri kamar ita ta yi laifi.

Wata yamma suka tarar da layin toka a tsakar gida, miƙaƙƙe sambal, daga ƙofar ɗakin Sali har bakin zaure. A gefensa akwai sawu, amma ba na tafin ƙafa ba, sawun gwiwoyi ne da hannuwa na yaro mai jan jiki. Mairamu ta ga yadda fuskar ɗanta ta sauya. Ta tambaye shi, ya ce babu komai, ya shige ɗaki bai ci tuwo ba.

Sai abin ya sauka kan Huda. Tana ɗauke da tsintsiya ta kurma ihu ta zube, tana riƙe da ƙafafunta tana cewa wuta, wuta. Aka duba tafin, sumul, ko ja bai yi ba. Daga nan ba ta ƙara tsayawa ba. Rarrafe take da gwiwa, ƙafafun a ɗage, in suka taɓa ƙasa ta ƙwalla ƙara har unguwa ta ji. Aka sa ta a keke mai ƙafa uku aka kai asibiti, suka auna, suka ce ba su ga komai ba. Ta daina ci. Da rana ta yi shiru, ido a kafe, da magariba kuma ta juya ta zuba wa yayanta ido, kallon da ba na yarinya ba. Mairamu ta rasa inda za ta sa kanta. Tana kallon 'yarta tana ƙarewa kamar sabulu a ruwa, ba ta da abin yi sai kuka a ɓoye.

Malam Mato ya zo daga Lokuwa bayan la'asar, dattijo ne mai ƙarancin magana wanda aka sani da ruƙiya. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida aka kwantar da yarinyar, ya zauna wajen kanta ya fara karatu. Ya daɗe yana yi, inuwa ta cinye gidan, tsuntsaye suka yi tsit. Can Huda ta tashi zaune, ta buɗe baki, muryar wata mace babba ta fito, a dashe.

"Malam, sassauta. Ni ma Musulma ce."

"Musulma ba ta zaluntar yarinya. Me ya kawo ki?"

"Tambayi mai ƙafar can abin da ya zuba."

Sali yana jingine da bango. Muryar ta ci gaba a hankali. Ta ce filin wasan makarantar nan, da rana na yara ne, da magariba nasu ne, su aljanu. Tun da aka gina makarantar haka ake: a kaɗa ƙararrawa, masu masallaci su tafi masallaci, masu majami'a su tafi majami'a, fili ya zama wayam, su kuma su fito da 'ya'yansu su sha iska. Ba su taɓa tsokanar kowa ba. Sai jajibirin tsere, wannan yaron ya yi kiran salla da bakinsa, ya sulale kafin a tayar, ya ɗebo toka daga murhun makaranta da garwashinta, ya bi fili yana zana layukan gudu. Ko bismilla bai yi ba, balle su ji su kauce.

"Autana yana kwance a wurin," in ji ta. "Tafukansa suka saluɓe. Har yau bai taka ƙasa ba. Washegari wannan ya bi ta kan layin a guje, ana tafa masa."

Malam ya juya. "Haka aka yi?"

Sali ya durƙushe. "Ruwa ne ya wanke layukan, Malam. Malam Zacharia, mai kula da wasanninmu, ya ce in bari sai safe tokar ta huce. Na ga kamar safiya ba za ta isa ba. Wallahi ban san akwai kowa a wurin ba."

"Kin ji," in ji Malam Mato. "Bai sani ba. Ki yafe don Allah, za a yi sadaka, za a yanka rago."

"Ɗana ba rago yake nema ba. Ka ba ni ƙafafun yaron, in bar muku yarinyar."

"Ba za a ba ki ba."

"To ina nan."

Malam ya ɗaga murya da karatu. Jikin Huda ya sandare, ta dinga bugun ƙasa da kai, jini ya ɓalle mata ta hanci. Aljanar tana ihu, amma wuyan da ke murɗewa na Huda ne. Mairamu ta faɗa kan 'yarta. "Malam, bari! Don girman Allah ka bari, za ta mutu!" Ya tsaya. Ita kanta ba ta san abin da take roƙo ba, domin ko ta ina aka juya, nata ne ake yanka.

Sai muryar ta dawo, a gajiye. "To, ba zan taɓa ƙafarsa ba. Ya dafa Alƙur'ani ya rantse ba zai ƙara gudu ba sai ranar da ɗana ya tsaya da ƙafarsa. Ya yi tafiya irin ta kowa. Gudu ne ban yarda ba."

"Na yarda," in ji Sali, tun kafin a tambaye shi. Mairamu ta dube shi, ta juya ta dubi Huda.

Malam Mato ya daɗe yana mu'amala da irinsu, ya san halinsu na fita su dawo, don haka ya ɗaure ta tamau. "Ke ma ki rantse. Ba ke ba gidan nan har abada, ba ke ba wani nasu, ke da duk danginki. Ba a farke ba, ba a mafarki ba. Ko alama kada su ƙara gani."

"Ka tabbata haka kake so, Malam?"

"Haka nake so."

Ta rantse. Sali ya yi alwala, ya dafa, ya rantse. Huda ta yi atishawa mai ƙarfi ta sulale. Jim kaɗan ta buɗe ido, ta dafa kafaɗar uwarta ta miƙe tsaye a kan tafukanta. "Dada, ƙishirwa nake ji," in ji ta, da muryarta ta da. Mairamu ta rungume ta tana hamdala, hawaye har cikin baki.

Malam yana naɗe buzunsa Sali ya matso. "Malam, in ɗan nata ya warke, wa zai zo ya gaya mana?"

Hannun dattijon ya tsaya cak. Ya dubi bayan madafa, inda babu sauran kuka, babu motsi. Ai shi da kansa ya toshe hanyar.

"Rantsuwa tana da kaffara," ya ce daga baya, murya ƙasa-ƙasa. "Amma ranar da ka warware taka, tata ma ta warware." Bai dubi Huda ba, amma kowa ya gane.

Motar Yola ta tafi ba da Sali ba. Malam Zacharia ya zo har gida ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya tafi yana girgiza kai. Ko ɗan aljanar ya warke tuni yana ta tsalle a filin, ko har yanzu yana jan gwiwa, Allah kaɗai ya sani.

Da damina ta kankama, wata yamma hadari ya taso daga kan duwatsu, ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Mairamu ta leƙa daga zaure. Yaran unguwa sun watse a guje, tsofaffi ma suna ɗan sassarfa. Can ƙarshen layi ta hango ɗanta yana dawowa daga masallaci, a jiƙe sharkaf, yana takowa ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗaga hannu, ta buɗe baki za ta ce masa ya yi sauri. Sai ta sauke hannun, ta tsaya tana jiransa.