Mukayyif ɗin Hajiya Tasallah

Ƙarfe takwas na safiyar Lahadi, a bazarar 2002, aka kawo ƙara ofishin 'yan sanda na Harra ta Gabas: an kwashe zinaren wata tsohuwa daga cikin ɗaki a kulle.

Teburin Abdussamad ƙarar ta faɗo, kamar duk wata ƙara da ta fito daga gidajen Hausawan Madina. A takarda Naƙib ne, wato kyaftin, amma mutanen unguwa Sufeto suke ce masa, har ya gaji da gyara musu. A nan aka haife shi, a nan aka haifi ubansa. Hausar kakarsa yake yi, in ta ƙare masa a tsakiyar magana ya cike da Larabci.

Mai ƙarar wani siririn mutum ne mai suna Tahir, farar rigarsa sai ƙamshin turare take yi. Bai zo shi kaɗai ba, har da ɓarawon ya taho, a cewarsa.

"Ga shi nan, ya Naƙib. Abdou ne, mai gyaran mukayyif. Zinaren gwaggona ya sace."

Abdou na tsugune a bakin ƙofa, mutumin Maraɗi, furfura ta fara yi masa fari-fari a gemu. Askar, ƙaramin ɗan sandan da ke tsaron ƙofa, ya riga ya karɓe iƙamarsa, takardar izinin zaman da ya yi shekara goma sha huɗu yana lallaɓawa. In laifin nan ya tabbata a kansa, kurkuku ne, daga nan a sa shi a jirgi a mayar da shi gida da sunan ɓarawo, alhali mutum bakwai ne suke ci daga hannunsa a can.

"Ka ɗauka?" Sufeto ya tambaye shi.

"Wallahi ban ɗauka ba, ranka shi daɗe."

"Kowa haka yake cewa. A tsare shi, ina zuwa."

Gidan Hajiya Tasallah tsohon gini ne na baƙin dutse, irin wanda bangonsa ke shan zafin rana ya riƙe har gobe. Ita ke zaune a ƙasa da jikarta Wafa, marainiya. Tahir, ɗan ƙaninta, yana zaune a sama.

Sufeto ya same ta a kan darduma, idanunta sun kumbura.

"Ranar Laraba muka tafi Umara ni da Wafa, jiya Asabar muka dawo," in ji ta. "Na kulle ɗakin nan da hannuna, mabuɗin yana wuyana har Makka. Na dawo ƙofa lafiya lau, gwangwanin zinare kuwa wayam. Na uwar yarinyar nan ne, ya waladi, amana ce nake ajiye mata."

Sufeto ya duba kwaɗon, babu alamar an taɓa shi. Taga akwai ƙarfe. Abin da ya rage shi ne ramin bango inda aka cusa mukayyif, tsohon akwatin sanyaya ɗaki mai gurnani kamar motar ɗaukar yashi.

"Ta nan aka shiga," Tahir ya ce. "Ranar Litinin Abdou ya zaro shi ya wanke. Wa ya san yadda ake zaro shi in ba shi ba?"

"Haka ne, Hajiya?"

Tsohuwar ta ce: "Shekara goma sha ɗaya yake yi mini aiki. Duk bazara zai zo ya wanke, duk hunturu ya duba mini tukunyar ruwan zafi. Amma... shi kaɗai ya iya zaro shi." Ta gyaɗa kai, kamar kan ya yi mata nauyi.

Sufeto ya matsa kusa da bango, sai ya ji safarsa ta jiƙe. Ruwa ne ke gangarowa daga ƙasan mukayyif ɗin, ya bi fenti har kan kafet.

"Dama yana zubar da ruwa ciki?"

"Abadan," in ji Hajiya. "Jiya da muka kunna ya fara."

"Bayansa ina ya fita?"

"Wani lungu ne tsakaninmu da maƙwabta," in ji Tahir. "Sai shara da kyanwoyi. Rabona da shi tun ina yaro."

Sufeto bai nemi rakiya ba. Ya fita ya ƙwanƙwasa gidan maƙwabta, wata dattijuwa mai suna Rakiya ta amsa daga bayan ƙofa. Da ta ji Hausa a bakin ɗan sanda sai ta saki jiki, maganar da ba a tambaye ta ba ma ta fara zubowa.

"Ni dai na'ana'ata za ta mutu. Bokiti nake ajiyewa a ƙarƙashin mukayyif ɗin Hajiya, ruwan da ke ɗiga nake ba ta. Tun jiya yake ta gurnani, ko ɗigo ɗaya babu."

"Kin ji wani motsi a lungun da ba sa nan?"

"Ranar Juma'a, ana cikin huɗuba. Na ji ana jan abu mai nauyi. Maza duk sun tafi masallaci, ni kuwa ba zan leƙa ba, ba ni da rai biyu."

Lungun da ƙyar yake ɗaukar mutum ɗaya. Bayan mukayyif ɗin ya fito kan wani ƙarfe da ke tallafe da shi. Sufeto ya tsuguna ya ƙare masa kallo. Siraran ƙarafunan bayansa, masu kaifin reza, sun lanƙwashe a wuri biyu daidai faɗin tafin hannu, kuma akwai busasshen jini a jikinsu. A ƙarƙashin kusurwar hagu an cusa wani guntun katako da ya yi santsi don tsufa. Ya zare shi ya jefa a aljihu.

Da la'asar ya sa aka fito masa da Abdou.

"Ina kake ranar Juma'a lokacin salla?"

"Ina Harami, ranka shi daɗe."

"Na je shagonku a Sultana. Abokin aikinka ya ce tun hantsi ka ɗauki akwatin kayan aiki ka fita. Da sukundireba kake zuwa sallar Juma'a?"

Abdou ya sunkuyar da kai, gumi ya keto masa duk da sanyin ofis.

"Na yi ƙarya. Bi'ir Ali na tahi. Wata tsohuwa ce can, ba ta da lahiya, mukayyif ɗinta ya mutu, ɗaki kamar tanda. Na gyara mata don Allah."

"Sunanta?"

"Ba ni iya hwaɗi."

"Ita kaɗai ce shaidarka, ya Abdou."

"Ba ta da takardu, ranka shi daɗe. In na kira sunanta, ita za a kwashe. Gara ni."

Sufeto ya daɗe yana kallonsa. A aikinsa ya ga masu ƙarya don su tsira iri-iri, amma mai ƙin faɗin gaskiyar da za ta tsirar da shi ba kullum yake haɗuwa da shi ba. Ya ajiye biro ba tare da ya rubuta komai ba, ya fito da katakon ya ɗora a tebur.

"Ka san wannan?"

Fuskar Abdou ta canja, mai sana'a ya ga kayansa. "Wanga ai nawa ne. Ni na sassaƙa shi ranar da na fara ɗaura mukayyif ɗin Inna Tasallah."

"Ina yake zama?"

"Daga cikin ɗaki, ƙarƙashin gaba. Shi ka ɗaga goshinsa kaɗan, bayansa ya sunkuya, ruwa ya zuba waje."

"In aka sa shi a baya fa?"

"A baya?" Abdou ya manta a tsare yake, har ya ɗaga murya. "Wane mahaukaci za shi sa shi baya? Ai ruwa cikin ɗaki za shi koma!"

"Nuna mini hannunka."

Tafukan sun yi kanta kamar fatar takalmi, amma babu sabon yanka ko ɗaya.

"Ku ba ku riƙe shi ta baya?"

"Ta gindi ake ɗaukar shi. Wanda duk ya kama ƙarafunan nan sai sun tsaga mishi yatsu."

Washegari da hantsi motar 'yan sanda ta tsaya a ƙofar gidan Hajiya. Sufeto ya shigo da Abdou da ankwa a hannu, askar na biye da su. Hajiya ta kasa kallonsa. Tahir ya sauko daga sama yana gyara hula, rai a ɓace.

"Me ya dawo da ɓarawon nan gidanmu?"

"Ruwan nan zai ruɓar wa Hajiya da kafet," in ji Sufeto. "Kafin a wuce da shi gaba, na ce ya gyara ɓarnarsa. Ya ce katakon nan ne ya goce." Ya miƙa wa Tahir. "Hannunsa a ɗaure yake. Taimaka, Allah ya yi maka albarka, mayar da shi inda yake zama."

Tahir ya karɓa yana tsaki. Mukayyif ɗin na gabansa, taku uku, amma ko kallonsa bai yi ba. Ya fice daga ɗakin, ya fita ƙofar gida, ya zagaya lungu. Sufeto na biye da shi a hankali. Tahir ya tsallake bokitin Rakiya, ya tsuguna, ya cusa katakon a ƙarƙashin kusurwar hagu, daidai inda aka zare shi jiya.

"Khalas, an gama," ya ce, yana kaɗe hannu.

"Wa ya gaya maka nan yake zama?"

"Ai... kowa ya sani."

"Mai shi bai sani ba. Shekara goma sha ɗaya katakon nan yana cikin ɗaki. Sau ɗaya aka taɓa sa shi a nan, ranar Juma'a. Wanda ya jawo mukayyif ɗin ya shiga ta ramin, ya tsinci katakon a kan kafet, ya fito da shi. Da ya mayar da akwatin ya ga yana rawa, sai ya tokare shi ta inda hannunsa ya kai. Jiya ka ce mini rabonka da lungun nan tun kana yaro."

"Zato na yi kawai."

"Ɗayyib. Buɗe hannunka."

Tahir ya dunƙule su. Askar ya matso ya buɗe masa. Yatsu huɗu na dama da uku na hagu duk da filasta. Sufeto ya ɓare guda ɗaya, ga siraran yanka a jere kamar an ja layi. Ya kama tafin ya kai shi kusa da inda ƙarafunan suka lanƙwashe, faɗin ya zo daidai.

"Jinin nan za a kai asibiti a auna. Ko ka hutar da mu?"

Tahir ya zauna a ƙasa da farar rigarsa.

A cikin tayar safayar motarsa aka samu zinaren, ƙunshe a leda, ko ɗan kunne bai ɓata ba. A tsakar gida, gaban Hajiya da Wafa da maƙwabtan da suka cika ƙofa, ya faɗi sauran.

"Shekara uku ina roƙonki, Gwaggo, ki tallafa mini in buɗe shagon waya a Sultana. Kullum sai ki ce amanar marainiya ce."

"Shi kuma wannan bawan Allah me ya yi maka?" Hajiya ta tambaya.

"Na ɗauka mayar da shi ƙasarsu kawai za a yi, magana ta mutu. Ai baƙo ne."

"Baƙo?" Tsohuwar ta miƙe da ƙyar, ta dafa kafaɗar Wafa. "Kakanka da ƙafa ya iso garin nan daga Katsina, babu takalmi. Mutanen da ba su san shi ba suka ba shi ruwa da wurin kwana. Kai ne yau kake kiran wani baƙo?"

Sufeto ya karɓi mabuɗi ya kwance ankwar daga hannun Abdou, askar ya mayar da ita hannun Tahir. Aka ratsa da shi ta cikin mutane zuwa mota, kansa a ƙasa. Hajiya ta bi shi da ido har ƙofa, tana kuka, don ko ma me ya yi, ɗan ƙaninta ne, kuma ita ta goya shi.

Sannan ta juyo wurin Abdou.

"An tambaye ni, na gyaɗa kai," in ji ta. "Na san halinka, kuma na gyaɗa kai. Ka yafe mini, ɗana."

"Haba Inna, ki bari. Ban riƙe ki ba ko kaɗan."

Sufeto ya zaro iƙamar daga aljihu ya miƙa masa. Abdou ya karɓa da hannu biyu, ya fara godiya.

"Ranka shi daɗe, ɗiyana bakwai... da yanzu an ce musu ubansu ɓarawo ne. Allah shi rufa maka asiri duniya da lahira. Allah shi jiƙan waɗanda suka haife ka."

"Amin. Aikinka ne ya wanke ka, ya Abdou, ni dubawa kawai na yi."

Ya juya da sauri ya nufi mota, don idanunsa sun fara cikowa, kuma bai dace a ga haka a fuskar Naƙib ba. Da ya waiwaya daga ƙofa, Abdou ya fuskanci alƙibla a tsakar gidan, goshinsa a kan siminti mai zafi, kafaɗunsa na girgiza. Babu wanda ya ce masa ya tashi.