Gurbin da Aka Saki

Cikin dare manhajar asibitin ta sake tsayawa cak yayin da take karanta fayil ɗin saitunanta, ga likitoci na jira. Injiniyar da ke kula da manhajar ta duba allon kwamfuta, ta ga haruffan da babu su a fayil ɗin. Ita kaɗai ce a ofis.

"Ƙanwata, kin saki gurbin nan a ƙwaƙwalwar kwamfuta, amma manunin da manhajarki ke bi har yanzu yana kansa," wani ya ce daga bayanta. "Gidan da aka bari, wani ke tarewa."

"Na gode, Yaya," ta ce, ta juya.

Dogon mutum ne, sanyi na fita daga jikinsa. Yana ta bayani a hankali, amma bakinsa a rufe yake, muryar kuwa tata ce.