Lasifikun Kaka

Akwai wata yarinya da ke zaune a Kwaciri, cikin Fagge, tare da mamarta da kakanta. Mama tana sayar da atamfa a Kantin Kwari, sai yamma take dawowa. Gidan babu wasu yara. Kullum shiru yake.

Kaka ya tsufa, idanunsa sun daina gani. Yana da rediyo mai kaset da manyan lasifiku biyu a falo. Bayan la'asar yakan zauna a kujerarsa ya saka wani tsohon kaset. A cikinsa akwai muryar matarsa da ta rasu, tana hira tana dariya.

"Ji nake kamar tana zaune a gabana," in ji Kaka.

Wata ranar Asabar kaɗaici ya ishi yarinyar. Tana son yin tsallen igiya, waje kuma rana ta ƙwalle. Kaka yana barci a ɗaki. Don ta sami fili a falo, sai ta ja lasifikun ta cusa su a lungu ɗaya, suna fuskantar bango. Ta yi wasanta ita kaɗai har ta gaji. Ba ta mayar da su ba.

Da la'asar Kaka ya kunna kaset. Muryar ta fito can ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin randa. Ya ƙara sauti. Sai gurnani kawai.

Kaka ya kashe rediyon.

"Amaryata," ya ce wa jikar tasa, "ido ya tafi, yanzu kuma kunne zai bi shi."

Yarinyar ta gane laifinta ne. Ta ji tsoron faɗa, sai ta ɓoye abin da ta yi.

Kwana uku Kaka bai kunna kaset ba. Ya rage cin abinci. Ko tsokanarta ya daina. Mama kuwa ba ta lura da lungun ba, don a gajiye take dawowa.

Ran na huɗu Mama ta ce, "Wataƙila rediyon ne ya lalace." Ita da yarinyar suka ɗauke shi zuwa Sabon Gari, shagon wata mai gyara, Anti Nkechi.

Anti Nkechi ta haɗa shi da lasifikun shagonta. Murya ta fito tar!

"Hajiya, lafiyarsa ƙalau," in ji ta. "A ina kuka ajiye lasifikun?"

Yarinyar ta fashe da kuka. "Ni ce na tura su lungu, Mama. Na ji tsoro na ƙi faɗa."

Mama ta dube ta. "Kin bar kakanki yana zaton ya kurumce?"

"Ki yi haƙuri, Mama."

Anti Nkechi ta dafa kafaɗarta. "Share hawayenki, 'yata. Kin san duwatsun murhu uku? Lasifika ɗaya a dama, ɗaya a hagu, kujerar Baba ta uku. Tazararsu ta zama daidai. Ki janye su daga jikin bango kaɗan, ki juyo fuskarsu wajen kujerar."

Da suka koma gida, yarinyar ta durƙusa ta gaya wa Kaka gaskiya. Sannan ta auna da igiyarta, ta jera komai yadda aka ce. Ta kunna kaset.

Dariyar marigayiya ta cika falon, daidai tsakiya.

Kaka ya ɗaga hannu, hawaye na zubo masa. "Alhamdulillahi! Ashe kunnena lafiya. Zo nan, amaryata. Na yafe miki. Jawo kujera ki ji kakarki."

Tun daga ranar, tare suke zama bayan la'asar. Yarinyar ta koyi darasi: kada ka taɓa kayan wani ba izini, in kuma ka yi kuskure, ka faɗi gaskiya da wuri.