Ɓarawon da Bai Jiƙe Ba

Ana tsakiyar bikin ruwa na sabuwar shekara aka kawo ƙarar sata ofishin 'yan sanda a Mandalay. Kafin Sufeto Tun Shwe ya isa gidan da abin ya faru, yaran unguwa sun yi masa wanka da bokiti tun daga hula har takalmi. Ko a jikinsa. Shi dama mutum ne mai son biki, ga kuma zafin rana.

Ya tuɓe takalmi a ƙofa ya shiga yana ɗiga. Tsohuwa mai gidan, Daw Ngwe Yon, ta nuna masa firam a bango, wayam.

"Hoton kakata ne, ɗana. Zanen hannu da fentin ruwa, tun zamanin Turawa. Ita nake fara gaisarwa kullum da safe."

"Yana da tsada, Inna?"

"Dillalai sun ce ya fi gidan nan daraja. Na ce kowa ya je ya sayar da tasa kakar."

Sufeto ya juya firam ɗin. An zare ƙusoshin a nutse, gilashi ko tsagewa bai yi ba. Wanda ya yi aikin nan ba ya tsoron a gan shi a ɗakin.

Daga nan ya wuce shagon U San Bwint, dillalin kayan tarihi, ya tambaye shi labarin hoton.

"Ni? Ban taɓa ganin wata tsohuwa mai fure a ka ba, Yallaɓai."

"Wa ya ce maka da fure a kanta?"

Da ƙyar dillali ya amsa cewa wani ya bugo masa waya, bai faɗi suna ba, ya ce zai kawo hoton bayan biki. Mai saye na jira a ƙetare, in ya tsallaka iyaka kuwa shi ke nan.

"Amma wasa na ɗauka, Yallaɓai. Wa zai fito da takarda a makon nan? Ɗigo ɗaya, kakar ta narke. Kai ma dubi kanka!"

Sufeto ya fito yana juya maganar. A bakin titi ana ta sheƙa wa kowa ruwa, sai ga wani ɗan zuhudu, irin masu zaman gidan ibada, cikin jan mayafi. Nan take aka sauke bokitai, aka buɗe masa hanya, ya wuce a bushe ƙayau. Sufeto ya yi murmushi, ya koma gidan tsohuwa.

"Inna, wa ya shigo jiya?"

"Babu kowa."

"Ko ɗan zuhudu?"

"Au, ai su ba a sa su cikin lissafi. Ɗan ƙanena ne, Pe Nyunt. Ya aske kai ya ɗauki mayafi na kwanakin biki, kamar yadda maza ke yi. Yaron da bai taɓa tashi kafin hantsi ba! Ya zo sa mini albarka, don murna na kifa goshi a ƙasa, ban ɗago ba har ya fita."

A gidan ibada Sufeto ya durƙusa gaban Pe Nyunt, don mayafi mayafi ne ko a jikin wa yake.

"Ranka ya daɗe, ina hoton?"

"Mu mun bar abin duniya, bawan Allah."

"Madalla. Ashe ba komai in an ɗaga tabarmarka."

Babban malamin gidan ya ɗaga tabarmar da kansa. Ga kaka nan kwance da furenta, launinta garau. Pe Nyunt ya sunkuyar da sabon askinsa.

"Ni ne. Na ga ba yadda zan fito da ita sai a cikin mayafi."

Ɗan sanda ba ya kama mai mayafi, don haka malamin ya karɓe abinsa, aka ba Pe Nyunt tsohon zaninsa ya ɗaura. Malamin kuma shi ya ɗauko hoton, ya ratsa gari da shi a bushe har hannun mai shi.

Daw Ngwe Yon ta mayar da kakarta bango, ta gaishe ta, ta yi ajiyar zuciya. Sannan ta leƙo waje inda Sufeto ke riƙe da hannun ɗan ƙanenta.

"Ya tuɓe mayafin, ɗana?"

"Ya tuɓe, Inna."

"To matsa gefe," in ji ta, ta ɗauko bokiti.