Buhun da Ke Kujerar Baya

Shekara bakwai Cyril Hogben bai taka garinsu ba. Ya tarar an sare itacen tuffa na ƙofar gida, maƙerin bakin hanya ya koma sayar da man mota, filin jiragen soja da ke bayan tudu kuwa tumaki ke kiwo a cikinsa. Mahaifiyarsa ta shekara huɗu a maƙabartar coci.

Da faɗa suka rabu, ranar da ya shiga soja ba da yardarta ba. Bayan yaƙi aka ajiye shi a Jamus yana sauke buhunan wasiƙun sojoji daga jiragen nan masu fukafukai biyu, ɗaya bisa ɗaya, waɗanda aka cire wa bindiga aka mayar da kujerar maharbi ta baya wurin kaya. Dubban wasiƙu suka bi ta hannunsa, babu tasa. Da aka sallame shi sai ya bi jiragen ruwa, ya ƙi gida.

"Ta rubuta maka, sarkin taurin kai," in ji yayarsa Winnie, tana zuba masa shayi. "Ni na kai gidan waya. Jirgin saman da ya ɗauke ta ne ya shiga hazo a kan teku, bai fita ba."

Ta ce ba ta san abin da ke ciki ba. Mama da kanta ta liƙe, bayan sati uku ta rasu.

Gab da faɗuwar rana ta aike shi sayo madara a gonar da ke ƙetaren filin. Yana tsakiyar filin hazo ya sauko. Tumakin suka yi tsit. Sai warin ƙonannen mai, gauraye da ƙarnin ruwan teku.

Daga sama inji ya yi tari, ya ɗauke, ya sake tari. Wayoyin fukafukai na fito a cikin iska. Ya san wannan ƙarar kamar sunansa.

Jirgin ya dira gabansa. Ƙyallen jikinsa a yage, ciyawar teku na reto a ƙafafunsa. Matuƙin ya juyo. Ruwa ne cike da tabaransa.

"Ban ga gaɓar can ba," ya ce ƙasa-ƙasa. "Zo ka sauke, soja."

Cyril ya yar da tulun madara ya hau, kamar yadda ya saba. Ya kwance bakin buhun wasiƙun da ke kujerar baya. Sanyi ya kama yatsunsa. Ya yi ta tono har ya ga rubutun Mama, mai karkata hagu.

Ya ɗaga buhun don ya fitar. Sai ya tuna.

Irin wannan jirgi ba ya tashi da kujerar baya fanko, hancinsa zai rinjaya. In an sauke wasiƙu, sai a maye gurbinsu da buhun yashi, ko mutum.

Babu yashi a filin.

"Sauke mana," in ji matuƙin. "Ka zauna a madadinsa. Na gaji da tafiya ni kaɗai."

Ɗamarar kujerar ta naɗe masa wuyan hannu. Jiƙaƙƙiya. Tana ja.

Jirgin ya fara gangarawa.

Ya mayar da buhun kan kujerar, ya fizge hannunsa, fata ta saluɓe. Ya faɗo kan ciyawa da wasiƙa ɗaya a haƙoransa.

A gaban murhu suka buɗe ta, shi da Winnie. Shafi biyu ne, teku ta wanke tawadar tas. Abin da ya rage kawai, can sama: "Cyril ɗana."

Winnie ta daɗe tana kallon takardar. Ta ce tun da ya tafi Mama ba ta ƙara kiransa haka ba, sai dai "wancan yaron".

Tun daga ranar, kullum da yamma yana jin injin yana kewaya rufin gidan, shi kaɗai ke ji. Kayan jirgin sun ragu da nauyin wasiƙa ɗaya, kuma matuƙin ya san wanda ya ɗauka.

A kwana na biyar ya sauko da jakarsa. Ya ce wannan karon jirgin ƙasa zai bi, zuwa inda ba a jin warin teku. Winnie ba ta hana shi ba. Ta karɓi kwat ɗinsa, ta zauna bakin taga da allura, tana ɗinke masa farar takardar a cikin shafin ƙirji.