Hannun Da Ya Fito A Talabijin

Tun azahar hadari ke haɗuwa ta gefen Ƙonni, baƙi ƙirin, amma ko ɗigo ya ƙi sauka. A gidan Alhaji Dabo mai albasa, cikin Illela, an fito da talabijin ƙarƙashin rumfa, matan unguwa sun cika tabarmi. Yau ake maimaita nuna bikin gidan sarauta da aka yi a Sakkwato, auren ɗiyar wani babban basarake, tun daga kamu har kai amarya.

Tayyiba, matar Sahabi babban ɗan Alhaji, tana can ƙarshen tabarma tana tsintar shinkafa. Ko sau ɗaya ba ta ɗaga kai ba.

"Ku dubi liƙi!" in ji Ummu maƙwabciya. "Ana yunwa gari, su suna taka kuɗi da takalmi!"

"Haba Ummu, in ba su yi ba wa za ya yi? Sarauta ta fa!" wata ta amsa. "Kuma ke kika riga kowa zuwa kallo."

Aka kwashe da dariya. Mahbuba, ƙanwar Sahabi, ta rungume rimot. "Don Allah ku yi shiru, sitayil ɗin leshin ga nika son ɗauka!"

Gyaran muryar Alhaji ta katse su. Daga sallar la'asar yake. Ya tsaya ya dubi 'yan mata suna rawa a fuskar akwatin, ransa ya ɓaci.

"Ɗiyan mutane a baje, duniya na kallo! Wallahi tallahi, duk macen gidan ga da anka nuna cikin abin ga, ba ta ƙara kwana ƙarƙashin rufina!"

Ya faɗi haka, amma bai wuce ba. Ya jawo kujera ya zauna, wai yana so ya ga iyakar lalacewar.

Tayyiba ta ƙara sunkuyar da kai kan faifan shinkafarta. Makon jiya, gwaggonta da ke aiki a gidan sarautar ta aiko cewa mai yi wa amarya lalle ta kwanta ciwo. Tayyiba gwanar lalle ce tun tana budurwa, amma tun da ta tare ba ta sake zana wa kowa ba. Sahabi ne ya ga yadda idonta ya yi haske, ya ce, "Shirya, ni zan kai ki. Ban son hannun ga ya mutu." A gida kuwa ya ce zai kai ta Amarawa ta gaida mahaifiyarta. Tana cikin zanen ne mai kyamara ya faɗo ɗakin, ta yi wuf ta ja mayafi ta rufe fuska. Yau ga Sahabi ya tsallaka Nijar da lodin albasa, ita kaɗai ke nan da abin da ta sani.

Iska ta taso, hoton ya fara yayyagewa. A zuciyarta ta ce, "Ya Allah, ka sako ruwan nan, siginal ya ɗauke." Tsawa ta yi gurnani can nesa. Hoton ya dawo tar.

Ga ƙafar amarya a kan matashi. Ga wasu hannuwa biyu suna zana mata fure. Mai kyamara ya matso, ya matso, har tabon ƙuna da ke gindin babban yatsan hagu ya cika akwatin.

"Lah!" Mahbuba ta miƙe. "Inna, wanga ba tabon Anti Tayyiba ba na? Wanda tukunyar tuwo ta yi mata?"

Inna Hadijatu, uwar Sahabi, wadda da hannunta ta shafa wa ƙunar nan zuma, ta sunkuyar da kai. Idanu duka suka koma kan faifan shinkafa.

"Ɗago hannunki," in ji Alhaji, murya ƙasa-ƙasa.

Ta ɗago.

"Amarawa anka ce mini kin tahi. Wa ya kai ki Sakkwato? Da sanin wa?"

Ta san zafin bakin Alhaji. In ta ambaci ɗansa yanzu, cikin wannan fushi, gaban matan unguwa, kalmar da za ta fito ba ta komuwa, kuma Sahabi zai ɗauke ta har kabari. Hawaye suka zubo mata.

"Baba, ka yi haƙuri. Na yi kuskure."

"Na rantse, kuma kowa ya ji. Tashi!"

Tana hawa mota ruwan ya ɓarke.

A Amarawa mahaifiyarta ta yi tambaya har ta gaji. Zance kuwa ya riga ta isa: wasu na cewa rawa ta yi gaban maza, wasu na cewa ta saba satar hanya. Masu zagin bikin da masu yabonsa duk suka bar amaryar sarauta suka koma kanta. Ba ta tanka wa kowa ba. Duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai gabanta ya faɗi, ta ce takardar saki ce ta iso.

Ranar Juma'a da hantsi ta ji sallamar da ta sani. Sahabi ne, idonsa jajir, Inna Hadijatu na bayansa.

"Don mi ba ki faɗi ba, Tayyiba? Don mi?"

"Na ji tsoron bakin Baba a kanka," ta ce, kanta a ƙasa.

"Na durƙusa gabanai na faɗa mai komi. Na ce ni na kai ki, ni na yi ƙarya, in kora ta a kore mu tare. Yau ya ce a zo da ke."

"Rantsuwar fa?"

Inna ta kama hannun mai tabon. "Taho ki gani, ɗiyata."

Tun daga bakin layi ta hango hayaƙi. A ƙofar gidan an shimfiɗa tabarmi, miskinai goma na zaune gaban akussan tuwo da nama, Alhaji da kansa yana zuba musu ruwa. Kaffarar rantsuwarsa yake yi, a fili, inda duk unguwa za ta gani. Ummu na leƙe ta katanga.

Tayyiba ta durƙusa nesa da shi. Alhaji ya ajiye ruwan, ya dube ta.

"Ni na yi saurin baki, wancan ya yi ƙarya, ke kika ɗauki kayanmu mu biyu," ya ce. "Akwatin ga hannunki kawai ya nuna mini. Shiga gidanki."

'Yan'uwana mata da maza, ƙarya ko ta ƙauna ce tana da ranar fitowa, rantsuwa cikin fushi kuma mai ita take fara ci. Haƙurin Tayyiba ne ya tsare mata aure, ya tsare wa mijinta albarkar uba.

Da yamma Mahbuba ta raɓo ƙofar ɗakinta, tana murza gefen mayafi.

"Anti... in na samu miji, irin na amaryar nika so."

Tayyiba ta yi murmushi, ta jawo ƙullin lalle daga ƙasan akwati.