Juma'a ta Huɗu a Kantin Waya

Safara'u na tsakar gida tana tankaɗe, hawaye na ɗiga cikin garin dawa, sai muryar surukinta, Baba Maikano, ta taso daga zaure.

"Kulu, ki gaya wa yarinyar nan, in ta sake kunyata ni ran Juma'a, Dangora za ta koma gidan ubanta."

Mijinta Labaran na aiki a Fatakwal. A da kaset yake aiko mata ta hannun Idi direba, ta kulle ɗaki ta saurara, ta yi nata ta mayar. Da aka ja wayar tarho zuwa wani kanti a Tudun Wada, Baba ya hana kaset, wai aikin ƙauyawa ne. Duk Juma'a bayan la'asar da kansa yake kai ta, ya tsaya a kanta.

To, wace mace ce za ta yi hira da miji a gaban suruki? "Lafiya lau" kawai take iya cewa. A Juma'a ta uku Labaran ya ce, "Safara'u, in auren ne ya ishe ki, ki faɗa mini." Ta buɗe baki, ta hango takalmin Baba dab da nata, ta ajiye kan wayar.

Inna Kulu, uwar Labaran, ta zo ta tsuguna gabanta.

"Ke, ba ki son ɗana ne?"

"Inna, Baba fa... a tsaye yake."

Inna ta riƙe haɓa. "Oh ni! Ni da ko tari ban taɓa yi a gaban uban mijina ba." Ta jawo rikoda daga ƙarƙashin gado. "Shiga ciki. Ni ce mai gadi."

Safara'u ta cika kaset gaba da baya, rabi magana rabi kuka. Inna ta cusa shi cikin ƙullin kuka da daddawa, ta kai wa Idi Kwanar Dangora ran Talata. Tafiyar kwana biyu ce, in mota ba ta lalace ba. Safara'u ta kasa cin tuwo har Juma'a.

Ran Juma'ar ta ɗauki wayar, Baba na tsaye a kanta.

"Kada ki ce komai," in ji Labaran. "Sau tara na saurara, har batir ya mutu. Ki yafe mini. Ba ni Baba."

Baba ya karɓa ya saurara, ya yi gyaran murya, ya miƙa mata wayar ba tare da ya dube ta ba.

"Bari in nemo goro," ya ce, alhali aljihunsa cike yake da shi.

Sai da ta ga ya tsallaka titi ta ce, can ƙasa-ƙasa, "Ka rame ko?"

'Yan uwa, kunya ba ƙiyayya ba ce. Kafin a yanke wa mai shiru hukunci, a duba wanda ke tsaye kusa da shi.